Laftof mai RAM gigabayit 8 da ke cijewa a zanen gini: nazarin lamari

## Asalin lamarin

Mai kwamfutar ɗaliba ce da ke karatun zanen gine-gine, 'yar yayata, kuma ni take kira duk lokacin da na'ura ta yi mata gardama. Laftof ɗin ta yi shekara biyu a hannunta kafin wannan matsala ta ɓullo. Ga abin da ke cikinta: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 3500U, wadda AMD ya fitar a farkon 2019, mai cibiyoyin lissafi huɗu, injin zane Radeon Vega 8 da aka gina a jikin furosesar kanta, RAM (ma'adanar wucin gadi inda kwamfuta ke ajiye abin da take aiki a kai) gigabayit 8 nau'in DDR4-2400, ma'adanar SSD gigabayit 256, sikirin mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, sai Windows 10. Ba ta da katin zane na daban.

A waɗancan shekaru biyu aikin bai wuce rubutu da bincike a intanet da zanen taswirar gini a shimfiɗe ba, kuma na'urar ba ta taɓa gazawa ba. Abin ya canja ne a zangon da aka fara ba su aikin tayar da siffar gini sukutum, mai tsawo da faɗi da zurfi, wadda ake juyawa da linzami a dube ta ta kowace kusurwa. Aikin zangon ɗakin karatu ne mai hawa uku, da manyan tagogin gilashi, da bishiyoyi a harabarsa, da hotunan bulo da katako da tayil waɗanda ake liƙa wa bango da daɓe don su fito kamar na gaske. An ba su mako goma su miƙa.

## Yadda irin wannan na'ura ke raba ma'adana

Katin zane mai zaman kansa yana zuwa da tasa ma'adanar, a manne a jikinsa, ba ya tarayya da kowa a kanta. Injin zanen da ke cikin furosesa bai samu wannan gata ba. Duk abin da zai zana, siffar bango ce, hoton bulo ne, inuwar bishiya ce, har da kammalallen hoton da za a tura wa sikirin, a cikin RAM ɗin kwamfutar yake ajiye shi, RAM ɗin da Windows da sauran manhajoji ke aiki da shi. Tsarin ya daɗe. Intel ya yi shi tun 1999 a cifset ɗinsa mai lamba 810. AMD ya sayi kamfanin ATI a 2006, a 2011 kuma kamfanonin biyu duk suka fitar da furosesa mai injin zane a kan ƙwayar silikon ɗaya da cibiyoyin lissafi. Yau akasarin laftof ɗin ofis da na ɗalibai haka aka gina su.

Rabon kashi biyu ne. Na farko ana yanke shi tun kafin Windows ya tashi: BIOS, ƙaramar manhajar da ke tayar da na'ura, shi ne ke keɓe wani yanki na RAM ya ce wannan na injin zane ne, Windows ba zai iya ba wa wata manhaja shi ba ko da yana zaune babu komai a ciki. Na biyu aro ne. Windows ya amince injin zane ya ɗebi har rabin RAM ɗin da ke hannunsa idan buƙata ta taso, ya mayar idan ya gama. Wannan rabin iyaka ce kawai aka gindaya, ba a karɓe shi daga hannun kowa sai an buƙace shi. Tun sabuntawar da aka yi wa Windows 10 a ƙarshen 2017, Task Manager, tagar Windows da ke nuna yadda ake amfani da kayan na'ura, yana nuna kason biyu a shafin GPU, wato na injin zane, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. Dukkansu a kan katin RAM guda suke zaune, kuma ta hanya guda ake zuwa a ɗauko abin da ke cikinsu.

## Mako na farko: alamomi

Da daddare ta kira ni. "Kawu, an cuce ni a kwamfutar nan. An ce mini RAM takwas ne, ga shi tana nuna 6.9 kawai za a iya amfani da shi. Ina sauran ya tafi?"

Na ce ta bar maganar lambar tukuna, ta faɗa mini abin da na'urar ke yi. Abu uku ta lissafa. Idan ta kama ginin da linzami ta juya shi, ba ya tafiya sumul, sai ya riƙa tsalle-tsalle, hannunta ya riga hoton isa. Idan ta yi kamar awa guda tana aiki, ga manhajar zane a buɗe ga burauza da shafuka goma sha wani abu, to sauya taga daga wannan zuwa wancan yakan ɗauki daƙiƙoƙi, linzamin ma ya daskare. Sau biyu kuma sikirin ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya dawo, manhajar ta rufe kanta bayan ta nuna gargaɗin cewa ma'adanar zane ta yi kaɗan. A karo na biyu ta yi asarar aikin rabin yini, domin ba ta adana ba.

Na sa ta buɗe Task Manager ana cikin aiki ta karanto mini. RAM da aka saka 8.0. Wanda ke hannun Windows 6.9. Wanda aka keɓe wa kayan na'ura 1.1. A shafin GPU, keɓaɓɓen kaso 1.0, kason aro har 3.4. A lokacin da na'urar ke daskarewa, 6.4 daga cikin 6.9 na cike, SSD kuma na aiki ɗari bisa ɗari. Amsar tambayarta ta farko ta fito daga nan: gigabayit ɗin da ta nema ta rasa yana nan, BIOS ne ya miƙa shi ga injin zane.

## Mako na biyu: wanki da shara

Abokan karatunta suka ba ta shawarwarin da aka saba bayarwa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta bincika ko bairos ne, ba a sami komai ba. Ta cire direban injin zane, wato manhajar da ke sarrafa shi, ta saka sabo. Ta kashe manhajojin da ke tashi tare da Windows, wanda ya rage abin da ke cikin RAM da kamar rabin gigabayit a farkon kunnawa. Wani ya nuna mata wani akwati a cikin msconfig, tagar saitin tashin Windows, da ke ƙayyade iyakar RAM, ya ce shi ke ɓoye sauran. Ta duba ta tarar ba a ma taɓa shi ba. Aka buɗe bayan laftof ɗin aka hure ƙurar fanka, ƙarar ta ragu, zafin ma ya ɗan sauka.

Daga ƙarshe ta goge Windows ta sake ɗora shi daga tushe. Wannan ya ci mata kwana biyu, tsakanin kwashe fayiloli da sake saka manhajoji. Da ta buɗe ginin, jiya i yau: lambar na nan 6.9, juyawa na nan da tsallensa, daskarewar kuma ta dawo da zarar burauza ta cika da shafuka.

Abu ɗaya da ya yi ɗan tasiri shi ne ƙara girman fayil ɗin da Windows ke zuba rarar RAM a cikinsa a kan SSD. Bayan haka manhajar ta daina rufe kanta. Saurin dai bai ƙaru ba ko kaɗan.

## Mako na uku: ƙara wa injin zane kaso

Gargaɗin nan na cewa ma'adanar zane ta yi kaɗan ya tsaya mata a rai. Ta kalli bidiyoyi da dama da ke koyar da yadda ake "ƙara VRAM kyauta", wato ma'adanar zane, duk magana ɗaya suke yi: a shiga BIOS a ɗaga kason. A na'urorin AMD ana kiran saitin UMA Frame Buffer Size, a na Intel kuma DVMT Pre-Allocated. Ba kowace laftof ke barin a taɓa shi ba, amma tata ta bari. Ta ɗaga shi daga gigabayit 1 zuwa 2, wanda shi ne ƙarshen abin da ke jerin.

Task Manager ya nuna keɓaɓɓen kaso 2.0, ta yi murna. Sai dai abin da ke hannun Windows ya sauko zuwa 5.9, iyakar aro ta koma 2.9. Juya ginin bai canja ba. Daskarewar da a da sai an yi awa guda take zuwa, yanzu cikin minti goma sha biyar take sallama. Ranar da ta turo mini hoton sikirin, 5.7 daga cikin 5.9 na cike, alhali a keɓaɓɓen kason nan na 2.0 abin da ake amfani da shi bai kai 1.3 ba. Wato akwai wajen megabayit 700 a kulle babu mai amfani da su, Windows kuma na can yana ta jigilar kaya zuwa SSD don neman wuri. Gudun gara aka yi, aka faɗa gidan zago.

Ta kuma tambaye ni game da wata dabara da ta gani ta gyara rajistar Windows don lambar ta ƙaru. Waccan dabarar ta injinan Intel ce, kuma lambar da ake nuna wa manhaja kawai take canjawa, ba ta ƙara ko bayit ɗaya. Na ce ta bar ta.

## Mako na huɗu: komawa baya da awo

A wannan makon na karɓi na'urar na zauna da ita. Farko na juya abin da ta yi: na sauke kason BIOS zuwa megabayit 512. Windows ya samu 7.4, iyakar aro ta zama 3.7. Da na buɗe ginin, keɓaɓɓen kason ya cika nan take, injin zanen ya ari kusan gigabayit ɗaya daga kason aro, aiki ya ci gaba ba tare da wani gargaɗi ba. Daskarewar ta yi sauƙi sosai, sai an tara shafuka da yawa a burauza take leƙowa. Tsallen juyawa kuwa yana nan yadda yake.

Daga nan na fara zargin cewa cuta biyu ce ta haɗu a jiki ɗaya, don haka na shirya gwajin da zai raba su. Na kunna ma'aunin firam da ke cikin manhajar direban, mai ƙirga hotunan da ake zanawa a kowace daƙiƙa, na rufe komai banda manhajar zane. RAM na da sarari fiye da gigabayit ɗaya da rabi, SSD na hutawa. Na juya ginin a hankali, zagaye guda cikakke. Ma'aunin ya tsaya tsakanin firam 15 zuwa 18 a daƙiƙa. Ke nan ko da wuri ya wadata, tsallen ba ya tafiya.

Sai na sauke sikirin daga 1920 da 1080 zuwa 1280 da 720. Na farko ɗigo 2,073,600 ne, na biyu 921,600, bai kai rabi ba. Ma'aunin ya haura zuwa wajen 27. Da a ce cibiyoyin lissafi ne suka gaza, rage ɗigo ba zai taimaka haka ba, domin yawan bango da tagogin da suke lissafawa bai ragu ba. Matsalar tana ɓangaren zane. Saura a gane ko injin ne ba shi da ƙarfi, ko kuwa abincinsa ne ba ya isowa da wuri.

A shafin RAM na Task Manager akwai wani ɗan layi a ƙasa da mutane ba su cika kula da shi ba. Ya nuna gurbi 1 cikin 2 ake amfani da shi, gudu 2400. Na buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan kwamfuta, ita ma ta tabbatar: layi ɗaya ne ke aiki tsakanin furosesa da RAM. Kamfanin da ya haɗa laftof ɗin ya saka kati guda mai gigabayit 8 ya bar ɗaya gurbin fayau.

Lissafin ba shi da wuya. Layi ɗaya na DDR4 faɗinsa bit 64 ne, wato bayit 8 a kowace ɗauka. DDR4-2400 na ɗauka sau miliyan 2,400 a daƙiƙa. Idan aka ninka, gigabayit 19.2 ke nan a daƙiƙa, kuma wannan ƙololuwa ce a takarda, a aikace ba a kai ta. Furosesar an gina ta da layi biyu, waɗanda tare za su ba da 38.4, amma layi na biyu ba ya aiki sai an cika gurbinsa. A kan wannan 19.2 cibiyoyin lissafi huɗu ke ɗibar nasu, injin zane mai ƙananan ma'aikata 512 ke ɗibar nasa, sikirin ma na karɓar nasa.

Mutum zai iya cewa ai hoto ɗaya ba shi da nauyi. Gaskiya ne: ɗigo 2,073,600 sau bayit 4 ya kama megabayit 8.3, sau 60 a daƙiƙa kuma kusan rabin gigabayit. Amma wannan kammalallen hoto ne kawai. Kafin a kai gare shi, kowane ɗigo ana karanta shi a rubuta shi sau da yawa. Ana duba zurfinsa don a san wane bango ne a gaba. Ana ɗauko hoton bulo ko na katako a shafa masa. Ana zana taswirar inuwa daban, a dawo a karanta ta. Idan gilashi ne, sai an karanta abin da ke bayansa a gauraya. Idan an kunna gyaran gefuna mai ninki huɗu, kowane ɗigo samfuri huɗu ake ajiye masa. Gininta kuwa gilashi ne ta ko'ina, ga bishiyoyi masu dubban ganye. Katin zane mai matsakaicin ƙarfi irin GTX 1650 na farko yana da gigabayit 128 a daƙiƙa, nasa shi kaɗai. Nata injin yana rabon 19.2 da maƙwabta.

## Mako na biyar: gwaji da katin aro

Ban so ta sayi komai a kan zato ba, sai muka nemi aro. Katin farko da aka kawo daga wata tsohuwar laftof aka ciro shi. Na ɗora shi a bakin gurbin, tsagar da ke tsakanin haƙoransa ba ta yi daidai da ɗan tudun gurbin ba. Na duba takardar da ke jikinsa: DDR3L ne, mai haƙora 204 da wuta volt 1.35. Gurbin DDR4 na laftof haƙora 260 ne, volt 1.2. An sa tsagar a wuri daban da gangan don kada a tura wanda bai dace ba, kuma wanda ya matsa da ƙarfi gurbin zai karya. Muka mayar da shi.

Na biyun DDR4 ne mai gigabayit 4. Da aka saka, jimilla ta zama 12, CPU-Z ta nuna layi biyu. Idan katunan ba su yi girma ɗaya ba, na'ura kan haɗa 4 daga wannan da 4 daga wancan su yi tafiyar layi biyu, ragowar 4 na babban katin su ci gaba a layi ɗaya. Ko da hakan, na maimaita gwajin nan na zagaye guda a cikakken sikirin, ma'aunin ya nuna tsakanin 23 da 27. Ba a taɓa injin zanen ba, ba a canja direba ba, ba a ƙara kason BIOS ba. Tambayar da ta rage daga mako na huɗu ta samu amsa.

Ta riƙe katin aron kwana huɗu tana aiki da shi. Ba ta ga daskarewa ko sau ɗaya ba.

## Mako na shida: kati na biyu

Ta sayi kati mai gigabayit 8. Wanda aka samu DDR4-2666 ne, na gaya mata ba damuwa, zai sauko ya yi tafiya a 2400 tare da ɗan'uwansa, tunda iyakar furosesar ke nan. Na ce ita za ta saka da hannunta, ina tsaye.

Ta kashe na'urar, ta zare caja, ta kwance sukurorin baya, ta ɓalle murfin a hankali da gefen wani tsohon katin roba. Ta cire igiyar batir daga allon uwa, ta taɓa ƙarfe don ta sauke wutar jikinta. Ta riƙe katin ta gefuna, ta daidaita tsagar, ta zura shi a karkace har haƙoran zinariyar suka ɓace a cikin gurbin, sannan ta danna shi ƙasa. Ƙarafunan gefe biyu suka yi ƙas, suka kama shi. Da ta kunna, sikirin ya zauna baƙi na wasu daƙiƙoƙi fiye da yadda aka saba, ta ɗago ta dube ni. "Kawu, ko na ɓata ta?" Na ce ta jira, na'urar na gwada sabon katin ne. Sai tambarin ya fito.

A daren muka bar MemTest86, mai gwada lafiyar RAM, ya yi zagayensa huɗu, bai sami kuskure ba. Washegari lambobin suka kasance haka: RAM 16.0, a hannun Windows 15.4, keɓaɓɓen kaso megabayit 512, iyakar aro 7.7, gurbi 2 cikin 2. Gwajin zagaye guda ya ba da firam 27 zuwa 30. Da manhajar zane da burauza mai shafuka ashirin da mai karanta PDF duk a buɗe, abin da ke cike bai wuce gigabayit 10 ba, SSD kuma shiru.

Na sake ɗaga kason BIOS zuwa gigabayit 2 don in gani, tunda yanzu akwai yalwa. Ma'aunin firam bai motsa ba. Muka mayar da shi 512.

## Bayan wata uku

Ta miƙa aikin ɗakin karatun a mako na goma, a kan lokaci. Sikirin bai sake yin baƙi ba, manhajar ba ta sake rufe kanta ba. Abu biyu ne suka rage. Fitar da hoton ƙarshe mai haske da inuwa irin na gaske, wanda a manhajarta cibiyoyin lissafi ke yi, ya ɗan yi sauri amma har yanzu yana cin lokaci mai tsawo. Sannan idan ta cire caja tana aiki da batir, juyawar na raguwa. Furosesar an tsara ta a kan wat 15, kuma wannan wutar ma raba ta ake yi tsakanin cibiyoyin lissafi da injin zane, kamar yadda suke raba RAM. Idan ɗaya ya ja da yawa, ɗayan ya sassauta.

## Hukunci

Cuta biyu ce, kuma alamominsu sun cakuɗe shi ya sa aka yi mako uku ana magani a inda ba ciwo. Ta farko ƙarancin wuri: gigabayit 6.9 bai ishi Windows da burauza da manhajar zane da aron injin zane ba. Idan RAM ya cika, Windows na kwashe abin da ba a taɓa ba kwanan nan ya kai SSD, kuma jiran amsa daga SSD ya ninka na RAM kusan sau dubu. Daskarewar ke nan, kuma daga nan rufewar manhaja ta samo asali. Ta biyu ƙuncin hanya: layi ɗaya mai 19.2 ga injin da aka gina don layi biyu. Tsallen juyawa ke nan. Kati na biyu ya yi aiki ne domin shi kaɗai ne ya taɓa duka biyun a lokaci guda, ya ninka wurin ya kuma ninka hanyar.

Wankin mako na biyu bai yi laifi ba, illa dai babu datti a inda aka wanke. Sake ɗora Windows shi ne asarar da ta fi ba ni haushi, domin minti biyar a Task Manager sun isa su nuna cewa ba a nan gizo ke saƙa ba. Ɗaga kason BIOS kuwa ya ƙara dagula lamarin ne saboda an ɗauki tunanin katin zane mai zaman kansa an ɗora wa injin da ba haka yake ba. A kati mai zaman kansa, bambanci tsakanin tasa ma'adanar da RAM ɗin aro babba ne: idan tasa ta cika ya fara aro, sai kayan sun bi ta PCIe, hanyar da ta haɗa katin da sauran kwamfutar, wadda a ƙarni na uku mai layi 16 ba ta wuce kimanin gigabayit 16 a daƙiƙa ba, nan take gudu ya faɗi. A injin cikin furosesa kuwa, keɓaɓɓen kaso da kason aro RAM ɗaya ne, gudu ɗaya, hanya ɗaya. Ƙara na farko bai kawo sauri ba, ya dai ƙwace wa Windows wurin da yake matuƙar buƙata. Inda ɗaga shi ke da amfani shi ne idan wata manhaja ko wasa ta ƙi buɗewa sai ta ga wata lamba a keɓaɓɓen kaso, kuma a na'ura mai RAM 16 ko fiye ana iya yi ba tare da an ji a jiki ba.

Ban ɗora laifin a kan tarayyar ma'adana ita kanta ba. PlayStation 5 da ta fito a 2020 furosesa da injin zanenta ma'adana ɗaya suke ci, gigabayit 16, amma hanyarta gigabayit 448 ce a daƙiƙa. Furosesar M1 ta Apple, ita ma ta 2020, ma'adana ɗaya ce mai kusan 68. Tarayyar har riba gare ta, tunda ba sai an kwafi kaya daga wannan ma'adana zuwa waccan ba. Abin da ke raba mai kyau da marar kyau shi ne faɗin hanyar da aka ba su. Intel ma ya fito fili da wannan a furosesoshinsa na ƙarni na 11: injin da ake kira Iris Xe, idan aka haɗa shi da RAM mai layi ɗaya, sunan UHD ake ba shi.

Laifin da nake gani na wanda ya haɗa laftof ɗin ne, da ya sayar da ita da kati ɗaya ba tare da ya rubuta a ko'ina cewa rabin hanyar a rufe take ba. Takardar bayanin ta ce RAM gigabayit 8, kuma ba ƙarya ta yi ba, sai dai 8 a kati ɗaya da 8 a kati biyu masu huɗu-huɗu ba aiki ɗaya suke yi wa injin zane ba. Ta yi sa'a gurbin na nan a buɗe. Laftof da yawa na yanzu an manne RAM ɗinsu a jikin allon uwa, babu gurbin ƙari, abin da aka saya da shi da shi za a zauna. Da tata irin waɗannan ce, da iyakar abin da zan iya yi mata shi ne sauke kason BIOS zuwa 512, rage ɗigon sikirin lokacin juya gini, da rufe burauza kafin ta buɗe manhajar zane.